Kaka da Autanta Dogon Yaro

Ranar da aka kai Kaka makwancinta, dogon yaron tsakar gidanmu yana cikin ganiyar fure. Duk wanda ya zo gaisuwa sai da ya tafi da furen a jikinsa. Ƙananan fararen furanni suna ta zubowa a kan mayafan mata da hulunan malamai, suna faɗawa cikin kofunan koko, har cikin farantin dabinon sadaka. Ƙamshin nan nasa mai zaƙi ya cika gida, ƙudan zuma suna ta hidimarsu a saman kanmu, babu ruwansu da wanda ya mutu.

Magajiya ce ta fara shigowa, aminiyar Kaka tun suna amare, wadda gidanta yake bakin gota, babbar kwatar unguwarmu. Ba ta gaida kowa ba. Ta wuce ta zauna a kan turmin da Kaka take kifewa ta zauna, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bishiyar, sannan ta ce, "To, ka gama aikinka, sai ka huta." Sai atishawa ta kama ta. Ta ce alhamdu lillahi, daga nan kuka ya ƙwace mata.

Kawu, ɗan Kaka na fari, wanda yake tuƙa trotro, motar haya, daga tashar Circle, ya ƙi zama a inuwa. Ya ja kujerar roba ya kafa ta a rana a bakin ƙofa, a nan ya karɓi gaisuwar maza, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Liman ya ce masa, "Alhaji, matso inuwa mana."

Kawu ya ce, "Malam, bar ni a nan. Ba na zama ƙarƙashin abin da ya kashe mini uwa."

Liman ya ce, "Ajali ne, Alhaji."

Ya ce, "Na sani." Bai kuma matsa ba.

Sai ga mutanen da ban taɓa gani ba, wasu daga Maamobi, wasu daga New Town, matan kasuwar Malam Atta har da tirensu a ka. Wanda ya ce mini "yaya haƙuri" da wanda ya ce "kafra" da bakin Asante, duk abu ɗaya suke yi bayan gaisuwar. Sai su wuce gindin bishiyar su tsaya suna kallon ƙasa. Wani saurayi ya kira daga Turai ta wayar ƙanwarsa, aka miƙo mini shi ina ganin fuskarsa. Ya yi mini gaisuwa a gurguje, ya ce, "Ante, don Allah juya wayar ki nuna mini gindin." Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, tsohuwa ta mutu, kai itace kake tambaya? Amma na juya masa wayar. Sai na ji yana jan hanci.

Yau shekara ta zagayo, mun yi adu'ar shekara an watse. Kabarin Kaka ba shi da suna, kamar na kowane Musulmi, ruwan bara ma ya baje shi, Kawu kansa sai ya yi ta lalube kafin ya ce ga wurin. Ni ce jikar da ta raina tun uwata ta rasu ina goye, ni ce kuma nake cikin ɗakinta yanzu. Ba ni da ilimin rubutu mai yawa, ɗinki nake yi. Amma ina tsoron ranar da za a ce "wace Kaka?" a cikin gidan nan, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

In ka tambayi Kaka garinsu, dariya take yi. Ubanta Bahaushe ne mai fataucin goro, uwarta daga arewacin Gana, mijinta Bazabarme. Takan ce, "Ni kam a hanya aka haɗa ni, kamar miyar 'yan tasha." Ta zo Nima, unguwarmu a Ankara babban birnin Gana, tana amarya, lokacin da gotar nan da muke toshe hanci in za mu tsallaka rafi ce, ana wanki a cikinta. Mu dai baƙin ruwa da leda muka tarar. A bakin rafin ta tsigo ɗan dogon yaro, ta dasa shi a tsakar gida a watan da ta haifi Kawu, ta binne mabiyiyarsa a gindin. Da cibiyarsa ta faɗi, ita ma ta tona ta sa ta a nan. Daga baya ta zama ungozomar lungunmu, sai abin ya zame mata doka. Duk ɗan da aka haifa a gidan, na dangi da na 'yan haya, har da na maƙwabtan da ba su da ƙasa a gidajensu, a gindin bishiyar nan take binne masa.

Tana da yadda take yi, ba ta kuma yarda wani ya sa mata hannu. Ta wanke mabiyiyar sarai, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta tona da guntun fatanyarta, ta kwantar da ita igiyar tana kallon sama. Ta ce in igiyar ta kalli ƙasa, uwar za ta daɗe ba ta sake haihuwa ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban taɓa ganin macen da ta ce a gwada da nata ba. Babu alama ko ɗaya a wurin, amma ta san na kowa. Tana zaune tana gyaran alayyafo sai ta nuna da wuƙa, ta ce, "Nan kawunki. Nan uwarki, Allah ya jiƙanta. Ke kuma ga ki can wajen saiwar da ta karkace, shi ya sa kanki ba ya kan daidai."

Maganarta kullum ita ce, "Mutanen Zango ba mu da garin da za mu koma. Wanda bai san inda cibiyarsa take ba, ko a ɗakin uwarsa baƙo ne."

Ka san Nima, ko tafin hannu na ƙasa aka gani sai an yi ɗaki a kai. Shekarar da Kawu ya samu sarari ya ce zai shafe tsakar gida da siminti saboda taɓo, magina suka zo da sassafe suka tarar da Kaka ta kife turminta a gindin bishiyar ta zauna, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Suka ce Hajiya a ɗan matsa. Ta yi kunnen uwar shegu da su. Babbansu ya ce simintin zai bushe musu a hannu. Ta ce, "To ku shafe har da ni, in ya so ku huta." Haka suka zagaye ta. Da'irar da ƙafafunta suka kai, ita ce kaɗai ƙasar da ta rage a gidanmu.

Da mata suka koma haihuwa a asibiti, mun ɗauka an sallame ta. Ina. Sai ta sayi kwano mai murfi, da an ce wance tana naƙuda ta saɓa mayafi ta je ta zauna a ƙofar ɗakin haihuwa, kwanon a cinyarta. Da farko nas-nas sun kore ta. Ta koma washegari da ƙosai mai zafi, ta koma jibi da goro, har suka saba. Suna hango ta za su ce, "Ga Mma mai kwano nan," su shirya mata abinta.

Ita bishiyar kuwa, Autana take ce mata. Ta ce duk 'ya'yanta sun girma sun yi baki, wannan ne kaɗai bai taɓa mayar mata da magana ba. Amma fa shi ne yake cin ta.

Kowace shekara in zafi ya tsananta, gab da ruwan farko, dogon yaro yakan fito da fure. Kaka ce take fara gani, tun yana ƙulli. Za ta leƙa sama ta ce, "Autana ya fara kwalliya, ku shirya mini tsummana." Da atishawa abin yake farawa, a jere, har mu yara mu riƙa ƙirgawa muna dariya, tana jifanmu da takalmi. Sai idanu su yi ja su kumbura, maƙogwaro ya yi ta mata ƙaiƙayi tana goga harshe a ganɗa. Daga nan dariya ta ƙare, don abin ya sauka ƙirji. Kana tsakar gida kana jin fito yana fita daga ɗakinta, siriri, kamar butar shayi ta kusa tafasa. Ba ta iya kwanciya, a zaune take yini ta jingina da bango. Mu jiƙa zane mu rataya a taga, mu yayyafa ruwa a tsakar gida, mu share furen. Kafin ka ajiye tsintsiya wani ya zubo.

Abin da zai ba ka haushi kuma ya ba ka dariya, maganin da ta fi yarda da shi ganyen bishiyar ne. Ta ce mura ce ta canjin yanayi. Ta sa a tsinko mata ganye, da furen da komai, a tafasa, ta lulluɓa da bargo ta yi surace. Ta fito tana haki, idanu kamar garwashi, ta ce ta ji sauƙi.

Sauƙin gaskiya ruwan sama ne yake kawo shi. Da an yi ruwa mai ƙarfi ya kaɗe furen ya wanke iska, sai ƙirjinta ya buɗe, ka gan ta da safe tana dama koko tana yi wa mutane faɗa. Shi ya sa ita kaɗai ce a lungunmu take roƙon ruwa da babbar murya. Sauran jama'a kuwa in suka ga hadari gabansu faɗuwa yake, don gota takan cika ta shigo ɗakuna. A kan wannan suke faɗansu na shekara-shekara da Magajiya.

Magajiya ta ce, "Ke wace irin muguwa ce? Kina roƙon ruwa, ni katifata ba ta gama bushewa da na bara ba."

Kaka, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi, ta ce, "Ke ki ɗora katifarki a kan tebur. Ni ina zan ɗora ƙirjina?"

"Allah ya sa ya zuba a kan rufinki kaɗai."

"Amin. In ya gangaro kuma gidanki zai sauka."

Su yi ta yi har Magajiya ta tashi da fushi, anjima kuma ka ga ta aiko da farfesu mai yaji wai ya buɗe mata hanci.

Sai da na yi aure, na auri ɗan haya a gidan don haka ban je ko'ina ba, sannan muka yi mata taron dangi muka kai ta asibiti a wata shekara da abin ya yi tsanani. Likitan, wani mai haƙuri, ya tambaye ta lokacin da ciwon yake zuwa da lokacin da yake tafiya, ya tambayi abin da ke bakin tagarta. Ya ce wani gari ne mai laushi da fure yake saki cikin iska, ido ba ya ganinsa, jikin wasu ba ya ɗaukarsa, nata kuma ya riga ya zama asma. Ya ba ta inhela, abin shaƙar nan. Ya ce in da hali ta bar gidan a lokacin fure, ko a sare bishiyar. Kawu ya tambaya ko in an sare za ta warke. Likita ya ce ba zai yi masa alkawari ba, zai dai rage, don akwai wasu bishiyoyin a unguwa, ga ciyawar bakin gota.

Cikin duk bayanin nan, Kawu "a sare" ya ji, Kaka kuma "zai dai rage" ta ji.

Ranar Lahadi sai ga Kawu da mai injin yankan itace. Kaka ta fito tana dafa bango, inhelar a ɗaure a gefen zaninta inda take ɗaure goro. Ba ta yi ihu ba, ba ta ma da numfashin yi. Ta je ta kife turmi ta zauna.

Kawu ya ce, "Mma, itace ne fa. Itace. Ƙasar tana nan, ba wanda zai tone ta."

Ta ce, "Tana nan yau. Ka sare shi, baɗi ka ce rana ta yi yawa a yi rumfa. Baɗin baɗaɗa ka ce a ja bango a sa ɗan haya. Ni na haife ka, Alhaji. Na san ka, na san Nima."

"To ki mutu saboda mabiyiyar 'ya'yan mutane?"

"Da taka a ciki."

"Ni ban ce ina so ba. Uwata nake so."

Ban taɓa ganin Kawu yana hawaye ba sai ranar. Kaka ta kwance gefen zaninta. Ta shaƙi inhelarta, ta jira ta sauka, sannan ta ce, "Ka ji abin da likita ya ce. Duk bakin gota dogon yaro ne, iska kuma ba ta san katanga ba. In ka sare wannan, sai ka bi ka sare na mutane? Ƙirjina nawa ne, Alhaji, ka bar ni da shi. Ranar da ya taɓa numfashin yaro a gidan nan, ka sare shi, ba sai ka tambayi kowa ba."

Mai inji ya saɓa injinsa ya fita. Kawu ya yi watanni ba ya cin abincin gidan. Ni kuwa na rasa bayan wanda zan bi. In na ji fiton ƙirjinta sai in ce Kawu ya yi gaskiya, in na ga yara suna wasa a inuwar sai in ce ita ce da gaskiya, haka na yi ta jujjuyawa ban tsinana wa kowa komai ba.

Sau ɗaya muka ci nasara a kanta. Gwaggo, 'yarta da ke aure a New Town, tana da ɗaki a sama mai tagar gilashi, muka lallaɓa ta ta tafi can tun furen yana ƙulli. Ta kuwa samu lafiya, har ƙiba ta fara yi. Muna murna mun gano bakin zaren, sai ga ta da rana tsaka ta sauko daga trotro, kwanonta a hannu, wata yarinya 'yar kayayo tana biye da ita da jariri a ƙirji. Yarinyar dako take yi a kasuwar Malam Atta, daga arewa ta zo, a barandar shago take kwana, ba ta da kowa a Ankara. Matan kasuwa ne suka aika wa Kaka cewa ta haihu kuma ba ta san inda za ta kai mabiyiyar ba.

Na ce, "Kaka, yanzu saboda Allah a cikin furen nan kika dawo? Da kin aiko ni mana."

Ta ce, "Ke da ba ki san sama da ƙasan igiya ba? Kawo mini fatanya."

Ta durƙusa, furen yana zuba a bayanta, tana tari tana tono. Da ta rufe ramin ta kama hannun yarinyar ta ɗora a kan ƙasar, ta ce mata da Hausar da za ta gane, "Yaronka ya samu gari. In an tambaye shi, ya ce Nima, gidan dogon yaro." Yarinyar ta yi ta kuka tana cewa na gode. Ta zauna a ɗakin Kaka har ta yi arba'in. Kaka kuma ta kwanta ciwo har ruwa ya sauka, daga shekarar ba ta sake yarda ta je New Town ba. In an yi maganar sai ta ce haihuwa ba ta jiran damina.

'Yata ce ta kusa zama ta ƙarshe da ta binne wa. Sunan Kaka aka sa mata, muna kiranta Takwara. Lokacin gwiwoyinta sun gaji, sai da na riƙe ta ta durƙusa, na kuma ɗaga ta. Ta sa ta Takwara kusa da tawa, wajen saiwar da ta karkace. Ta ce, "Ga ku nan, masu taurin kai a layi ɗaya."

Bara ruwa ya yi jinkiri. Furen ya fito da yawan da ban taɓa gani ba, rassan har sun yi fari, zafi kuma kamar a tanda. Kullum Kaka tana bakin ƙofarta a zaune tana kallon sama ta wajen teku. Magajiya da kanta ta zo ta ce, "Bana na yafe katifar, ki roƙa, ina cewa amin." Kaka ta yi murmushi, ba ta iya mayar mata da baƙar magana ba. A nan na san abin ya yi nisa. Na roƙe ta mu tafi wurin Gwaggo, na yi faɗa, na yi kuka, na ce zan kira Kawu ya ɗauke ta da ƙarfi. Ta ce, "Saura kaɗan. Ba ki ji iska ta canja ba?"

Bayan azahar ne, ina kan keken ɗinki, na ji fiton ya tsaya. Ka san yadda kunne yake sabawa da abu, sai ya ɗauke kake jin sa. Na shiga na same ta ta dafa gwiwoyi, baki a buɗe, leɓɓanta sun sake launi. Na sa mata inhela, na danna, na sake dannawa, babu hanyar da iskar za ta bi ta shiga. Mota ba ta shigowa lungunmu, ko amalanke da ƙyar. Maigidana ya goya ta, muka bi lungu-lungu muna tsallake kwata, mutane suna matsawa suna salati, har muka fito titi muka tare tasi. Titin kuma a cunkushe. Direban ya yi ta danna oda, ya leƙa yana roƙon mutane da Twi da Hausa, ba inda za a matsa.

Kanta yana kan cinyata. Ta buɗe ido tana neman taga, na kai kunnena bakinta. Ta ce, "Hadari?"

Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Na ce, "Yana haɗuwa, Kaka."

Ta lumshe ido. Ina ta yi mata kalmar shahada a kunne, ina jin yatsanta yana motsi a tafin hannuna. Kafin mu kai ƙofar asibiti ya daina.

Ruwan ya sauko ranar adu'ar bakwai. Ya zo da iska, ya kifar da rumfunan da aka kafa a titi, ya kaɗe furen tas, gota ta cika ta shiga ɗakin Magajiya. Da aka ɗauke, iska ta yi sanyi, mai daɗin shaƙa. Na tsaya a tsakar gida ina shaƙarta ina jin haushin kowane numfashi da na ja.

Kawu bai taɓa bishiyar ba bayan rasuwar. Ya ce ta hana shi tana raye, ba zai yi mata ba tana kabari. Ya dai daina kallon wajen. Aka haihu a gidan sau biyu, na ɗauki fatanyar na gwada, sai na tsaya da ita a hannu, don ban san inda babu kowa ba. Duk inda na sa ido sai in ga kamar wani zan tono. Na dai lalubi gefe na sa, na tabbatar igiyar ta kalli sama.

Bana da zafi ya dawo, furen ya fara ƙulli, babu wanda ya ce Auta ya fara kwalliya. Wata safiya ina ɗaura wa Takwara ɗankwalin makarantar allo sai ta yi atishawa. Ta sake. Yaran gida suka fara ƙirgawa suna dariya. Na daka musu tsawar da ban san ina da ita ba. Kwana kaɗan idanunta suka yi ja, sannan wata rana da yamma ina kan keke na ji butar shayi tana shirin tafasa a ɗakin Kaka, alhali ban ɗora komai a wuta ba.

Likita ya faɗi abin da ya faɗa a da, da kalmomin da ya faɗa a da. Ya ce abin yakan bi jini. Na dawo da ƙaramar inhela, na kira Kawu a waya. Na kai wayar ƙirjin yarinyar. Ya ce, "Yoo. Na ji."

Washegari ya zo da mai inji. Babu wanda ya kife turmi. Magajiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, na ɗauka za ta hana, sai ta ce, "Ita ta faɗa da bakinta, ina wurin." Bishiyar da ta girmi kowa a gidan, kafin la'asar ta zama itacen girki. Da mai injin ya tambaya ko a tone saiwar, Kawu ya ce masa in ya taɓa ƙasar nan sai ya karya masa hannu. Aka bar kututture. Kawu ya zauna a kai, ya rufe fuska da hularsa.

Gidan ya yi haske kamar an yaye masa rufi. Rana tana dukan siminti tun safe, yara sun koma wasa a lungu. Wani ɗan haya har ya fara cewa ai da an yi 'yar rumfa a wurin.

Takwara kuwa ta samu sauƙi na 'yan kwanaki. Sai iska ta juyo daga bakin gota, inda dogon yaron mutane yake jere fari fat da fure, fiton ya dawo. Ya ragu, ba zan yi ƙarya ba, ya ragu kamar yadda likita ya ce. Amma yana nan. Ga shi mun yi biyu babu, ba Kaka, ba Autanta, ni ce kuma yanzu nake zama a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen zane ina kallon sama ta wajen teku. Ba ni da wanda zan yi wa faɗa. Wa zan kama, iska?

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata kabarinta, ya ba ta iskar Aljanna ta shaƙa har ta ƙoshi. Duk wanda cibiyarsa take gidanmu, in wannan ya iso gare shi, ya yi mata Ƙulhuwallahu. Ƙasarku tana nan, ba a shafe ta ba tukuna.

Shekaranjiya ina shara na ga kututturen ya yi toho ta wajen saiwar da ta karkace, ɗan ganye jajaja, bai kai tsawon yatsa ba. Kawu ma ya gani da ya zo adu'a, na ga ya gani. Da aka watse na durƙusa na kama shi da yatsu biyu zan tsige. Daga cikin ɗaki na ji Takwara tana tari. Na daɗe a durƙushe a wurin. Har yanzu ban tsige shi ba, ban kuma zuba masa ruwa ba.